Ranar da Na Ce wa Abbana "Baba"

Kafin ku fara zagina, ku bari in kai ƙarshe. In na gama, duk mai zagi ya zaga, ba zan ce uffan ba, don ni ma tun ranar Asabar nake zagin kaina, har yau bakina bai gaji ba.

Shekarata ashirin da bakwai. A shagon tabarau nake aiki, ni ce mai zama a gaba, in gwada wa mutum tabarau in ce ya yi masa kyau ko da ya mayar da shi kamar mujiya. A nan na haɗu da Mai Zane wata takwas da suka wuce. Zanen gidaje ne sana'arsa, shi ya sa na sa masa wannan sunan a wayata, har ya bi shi. Gyaran tabarau ya zo, ya tafi da lambata. Mutum ne mai sanyin magana, wanda in ya yi dariya sai ya cire tabarau ya goge ido. Ina son sa, kar ma ku tambaye ni.

Ranar da ya fara tambayata sana'ar Abba, muna cikin motarsa, sanyi yana ratsa ni, ƙamshin kujeru ya cika min hanci. Na ce, "Harkar kayan sauti yake yi."

Ya ce, "Au, daga waje yake shigo da su?"

Na ce, "Uhm."

Wannan uhm ɗin, da bai kai numfashi ɗaya ba, shi na yi wata takwas ina goyo.

Gaskiyar ita ce Abba gyaran rediyo da sifika yake yi, a wata 'yar rumfa bayan kasuwa, shekara talatin da ɗoriya. Yatsunsa duk tabon ƙunar dalma ne. Mu uku ya haifa, duk mata, ni ce babba, sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. A rumfar nan na girma. Ina 'yar shekara tara na san wace waya ce ja wace ce baƙa, na san sifikar da takardarta ta yage tun kafin a buɗe ta. Daga wannan rumfar aka biya min makaranta har na gama. Amma da na samu mai mota, sai na mayar da rumfar kamfani.

Shi ya sa bai taɓa sanin gidanmu ba. A ƙofar Gwaggo, yayar Abba, yake sauke ni, don ita Allah ya ba ta miji mai hali, gidansu mai baƙin get ne a bakin unguwa. In shiga, in gaishe ta, in sulale ta ƙofar baya, in taka zuwa lungunmu.

Ranar Asabar da safe ina gaban madubi ina shafa hoda, Umma ta ɗaga labule ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Wai ke, wannan mutumin naki aljani ne? Wata takwas, ko inuwarsa ba mu gani ba."

"Umma, aiki ne ya yi masa yawa."

"Aiki! Ƙanwarki da kika goya tana can da cikin na biyu, ke kina nan kina aiki. Abbanki ba ya magana, amma kar ki ɗauka ba ya gani. In mai yi ne ya fito, in ba mai yi ba ne ya matsa ya ba wasu wuri."

Ba ta san shi ya fi kowa son fitowa ba. Sau uku yana cewa zai zo gaida Abba, sau uku ina cewa Abba ya yi tafiya. Abban da iyakar tafiyarsa daga gida zuwa rumfa.

Tana fita saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, ƙarfe goma a ƙofar gida. Yau za mu zaɓo wa gidanmu sifika, ɗaki-ɗaki. 'Yar masu kayan sauti a hannuna, ai babu mai cutata. Yaya ma za ta biyo mu."

Yaya yayarsa ce. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, maganarta ce yanke a gidansu. Sau ɗaya na taɓa ganinta, kuma takalmina ta fara kallo kafin fuskata. Na cire rigar da na sa, na ɗauko abayata ruwan toka mai duwatsu a hannu, da mayafi marar nauyi, da takalmin nan mai tsini da ke cizon ɗan yatsana. Na fesa turaren da nake ɓoyewa a ƙasan akwati. Abba ya riga ya fita tun bayan karin kumallo, don haka babu wanda ya tambaye ni ina zuwa sai Umma, ita kuwa harara ce rakiyarta.

Shagon da muka je babba ne, sifikoki jere har rufi. Mai shagon yana ganin mukullin mota a hannun Mai Zane ya jawo wata ƙatuwa mai fitilu kala-kala, tsayinta ya kai ƙirjina. Ya murɗa ta har gilashin ƙofa ya ɗauki rawa.

"Alhaji, wannan ka sa ta a ɗakin barci, ka gama."

Ban san lokacin da na ce, "Ka gama da barci dai. Wannan ai ta filin taro ce."

Duk suka juyo. Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe. Na ce ya rage ƙara, ya sa mana muryar mai karanta labarai, don kiɗa yana rufa wa sifika asiri, muryar mutum ce ke tona ta. In ka rufe ido ka ji kamar mutumin yana zaune kusa da kai, ta yi. Na ce kar a kula da manyan lambobin da ke jikin kwali, kwali ba ya magana. Ɗakin barci 'yan ƙanana biyu sun isa, masu taushin murya. Kicin a sa ƙarama mai caji wadda ba ta tsoron tururi, mai araha, tunda ƙarar tukunya da famfo za su cinye rabin sautin. Ɗakin zanensa kuwa guda biyu a kan tebur, daidai kunne.

"Kuɗin da ka ware, ka zuba mafi yawansa a falo," na ce masa. "Can baƙi za su zauna, can za ka fi daɗewa. Amma ta falon kar mu yanke sai na ji ɗakin. Ɗaki ne rabin sifika."

Kowace kalma ta Abba ce. Har yadda nake karkata kai in ina saurare, nasa ne.

Mai Zane yana ta murmushi kamar an ba shi kyautar gari. Yaya ta gyara zaman jakarta a hannu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gidan arziki daban ne."

Wallahi daɗi na ji. Kaina ya kumbura. Ku rubuta wannan ma a cikin laifina.

Mai shago ya yarda mu tafi da kala biyu na falo mu gwada, wadda ba ta yi ba a dawo da ita. Ni da Yaya muka riga Mai Zane shiga mota. Da ya shigo ya ce ya samu mai haɗa wayoyin, mai shago ya ba shi lambar wani tsoho, wai duk garin babu mai kunnensa, zai same mu a can. Ban kawo komai a raina ba. Masu haɗa waya ai sun fi a ƙirga.

Gidan sabo ne fil, warin fenti bai gama fita ba. Falon mai faɗi, tayil fari tas, rufi can sama, tagogi manya babu labule ko ɗaya. Na tsaya a tsakiya, na ajiye jaka, na tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya je ya bugi bango ya dawo, ya sake dawowa.

"Me ke nan?" in ji Yaya.

"Ɗakin nake tambaya. Kun ji? Falon nan yana mayar da magana. Sai an sa labule mai kauri da kafet, in ba haka ba ko wace iri aka saya hayaniya kawai za a ji."

Ban rufe baki ba na ji ƙarar babur a waje. Ya yi tari sau biyu kafin ya mutu. Ko a cikin babura ɗari zan gane wannan tarin, don kullum shi ke gaya mana a shimfiɗa tabarma, mai gida ya dawo. Na dubi ƙofar kicin, na dubi taga, kamar wadda za ta tashi sama.

"Salamu alaikum."

Abba ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa, alhali mu duk da namu muka shiga. Shuɗiyar rigar aikinsa ce a jikinsa, wadda aljihunta ya ƙone a gefe. Jakar kayan aiki a kafaɗa, igiyarta ni na ɗinke ta da hannuna watan jiya. Ya ɗago ya gan ni. Fuskarsa ta washe, bakinsa ya buɗe, na ga "Uwa" ta taho a leɓensa.

Mai Zane ya riga shi.

"Baba, sannu da zuwa, ka sha hanya. Wannan Yayata ce. Wannan kuma ita ce wadda zan aura in Allah ya yarda. Mahaifinta babban ɗan kasuwa ne a harkarku, daga waje yake shigo da kayan sauti. Ƙila ma ka san shi."

Ina so ku sani, lokaci ya ishe ni. Ba wanda ya toshe min baki. Taku huɗu ne tsakanina da shi, da na taka na karɓi jakar na ce ga Abbana, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma na saci kallon Yaya, na ga idonta a kan ƙafafunsa, a kan fason dugadugansa da ƙurar hanya, a bisa farin tayil ɗin nan.

Na ce, "Sannu, Baba."

Kun dai san Baba. Mai gadi Baba ne, mai gyaran takalmi Baba ne, duk tsohon da ba ka san sunansa ba kuma ba ka damu ka sani ba, Baba ne. Ni kuwa tun da na buɗi baki a duniya Abba nake ce masa. Abin da ya fi ci min rai, a cikin wannan ɗan lokacin har na yi dabara: na zaɓi kalmar da in asiri ya tonu zan ce ai ban yi ƙarya ba, uba na kira shi. Shi kuwa ya ji bambancin. Mutumin da ke gane sifika mai ciwo daga ƙofar rumfa, ta yaya wannan zai wuce shi?

Murmushin bai gudu daga fuskarsa lokaci ɗaya ba, a hankali ya janye. Ya sauke ido.

"Yauwa, Hajiya. Sannunki." Sai ya juya ga Mai Zane. "Masu shigo da kaya ai manya ne, ranka ya daɗe. Ina ni ina sanin su."

Ya ajiye jaka, ya taka zuwa tsakiyar falon, daidai inda na tsaya ɗazu. Ya karkata kai. Ya tafa hannu sau ɗaya.

"Ikon Allah!" in ji Yaya. "Yanzun nan ita ma ta yi irin wannan tafin. Har karkata kan iri ɗaya."

Abba bai dube ni ba.

"Ai gado ba karambani ba ne, Hajiya," ya ce. "Wanda ya koya mata ya so ta."

Daga nan ya shiga aiki. Ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, Mai Zane yana gaya masa abin da na zaɓa, yana cewa daidai ne, daidai ne. A falo, cikin kala biyun da muka zo da su, ya ajiye doguwar da ake sawa ƙarƙashin talabijin gefe, ya ce ɗakin ya fi ƙarfinta, a bar guda biyun masu tsayi, amma a janye su daga bango kamar kamu biyu. Akwatin mai kaurin murya da na ce a sa a lungu, ya ce a'a, lungu zai sa shi gurnani, a matso da shi. Gyara ɗaya ke nan da ya yi min, shi ma bai ce ni na yi kuskure ba, cewa ya yi ɗakin ne mai gardama.

Da ya hau tsani zai ja waya, tsanin ya yi rawa a kan tayil. A rumfa ni ke riƙe masa, don gwiwarsa ta hagu ba ta da ƙarfi. Hannuna ya miƙa da kansa. Na mayar da shi na damƙe mayafina. Mai Zane ne ya yi sauri ya riƙe.

"Baba, a yi hankali da fentin," Yaya ta ce daga kan kwalin da ta zauna. "Kar a shafa mana baƙin hannu, jiya aka gama."

"To, Hajiya."

Ina tsaye. Ina ji.

Can ta buɗe lemon kwalba ta miƙa min ɗaya, ta ɗauki ɗaya. Sai ta hango wani kofin roba da masu fenti suka bari a taga, ta tsiyaya ruwa a ciki.

"Ungo, miƙa wa tsohon nan, ya sha rana."

A gida ban taɓa ba Abba ruwa a tsaye ba. Kofinsa ma daban ne, babu mai taɓawa. Ranar na miƙa masa kofin masu fenti, da hannu ɗaya, ina tsaye ƙiƙam a kan takalmi mai tsini. Ya karɓa da hannu biyu. Ya shanye tas, ya ce, "Na gode, Allah ya yi albarka."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na ce mata ta yi sauri.

Shi kuwa Mai Zane hira ta yi masa daɗi. Ya tsuguna kusa da shi yana miƙa masa kaya, yana tambaya, shekara nawa a sana'ar, ina rumfar take, yara nawa.

"Uku, duk mata."

"Ma sha Allah. Babu wadda ta gaje ka?"

Abba ya ci gaba da fere bakin waya.

"Babbar ta iya. Ta fi ni kunne ma. Amma ta yi karatu, ta wuce nan."

Na ce zan duba kicin. Na shiga na buɗe famfo don kar a ji ni, na tsaya ina kallon ruwa yana zuba, kwallina yana bin kumatuna. Daga falo na ji an kunna. Muryar mai labarai ta cika gidan, tas, kamar yana tsaye a bayana. Mai Zane yana tafi yana cewa, "Gimbiya, zo ki ji! Zo ki ji aikin Baba!"

Na wanke fuska na fito na ce ya yi kyau.

Da zai tafi ya yi wa kowa sallama, har da ni. Ya sa takalmansa a waje. Babur ɗin sai da ya buga sau huɗu kafin ya tashi, ina jin Yaya tana dariya ƙasa-ƙasa.

A hanya Mai Zane bai yi maganar komai ba sai ta tsohon. Irin natsuwarsa, irin tsabtar aikinsa, ko guntun waya bai bari a ƙasa ba. Ya tambaye ni me ya sa na yi shiru, na ce warin fenti ne ya sa min ciwon kai. Ya sauke ni a ƙofar Gwaggo bayan la'asar. Ko gaishe ta ban tsaya yi ba. Na cire takalman na riƙe a hannu, na bi lungu.

Babur ɗin yana jingine a zaure. Abba yana tsakar gida a kan tabarma, ya buɗe cikin wata tsohuwar rediyo, tabaraunsa a kan hanci, wanda ni na kawo masa daga shagonmu. Umma tana kwashe shanya. Kallo ɗaya na yi mata na san bai gaya mata ba.

Na durƙusa nesa da shi.

"Abba, sannu da gida."

"Yauwa, Uwata. An dawo?"

Shi ke nan. Da ya zage ni, da ya ɗaga hannu ma, abin da bai taɓa yi ba, wallahi da na samu sauƙi. Na shige ɗaki na zauna a bakin gado da abayar a jikina. Ina ta juya yadda zan fara, kowace kalma na ɗauko sai in ga ta yi kaɗan. Wayata ta yi ƙara.

"Gimbiya, ya kan? Na yi magana da Yaya, kin shiga ranta sosai. Asabar mai zuwa zan zo gaida Abba, wannan karon ko yana tafiya zan jira shi a ƙofa."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya biyo.

"Sannan tsohon nan ya tsaya min a rai. Mai irin wannan hannun bai kamata ya ƙare a rumfa ba. Zan taho da shi in gabatar da shi wajen Abba da kaina, ko zai samar masa wuri a kamfaninsa. Kar ki ce a'a, lada za mu samu. Bari in kira shi yanzu."

Na fara rubuta "kar ka kira". Kafin in tura, na ji 'yar wayar Abba ta ɗauki kuka a tsakar gida.

"Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe... Lafiya lau... A'a, ba komai, aikinmu ne." Ya daɗe yana saurare. "Asabar... To. To, na gode da karamci. Allah ya kai mu."

Na ji ya ajiye wayar a kan tabarma. Na ji Umma tana tambayar wane ne.

"Uwata."

Na fito. Na zube a gabansa, gwiwa biyu, kaina a ƙasa. Umma ta tsaya da zanin gado a hannu tana kallonmu.

Bai ɗago daga rediyon ba. Ya ɗaure wani ɗan ƙusa a hankali har ya zauna, sannan ya ajiye abin ɗaurin. Muryarsa babu faɗa a ciki, ko kaɗan.

"An ce ranar Asabar za a kai ni wajen mahaifinki neman aiki," ya ce. "Ke kika san halinsa. Wace riga kike ganin zan sa?"